Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Gurɓatattun Furotin ke Tunzura Masu Tsaron Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 1901 aka kwantar da wata mata ƴar shekara 51, mai suna Auguste Deter, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Farankfut da ke ƙasar Jamus. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya kasa kunne sosai ga yadda take magana. A cikin hira kalma takan ɓace mata, sai ta kewaya, ta kira kofi da sunan “mazubin madara”. In tana karatu sai ta tsallake daga wannan layi zuwa wancan, in kuma tana rubutu sai ta maimaita wasu gaɓoɓi, ta yar da wasu. Bayan rasuwarta a watan Afrilu na 1906, Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin ƙara girma, ya ga abubuwa uku: wasu dunƙule-dunƙule da suka taru a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu, da kuma sauyin kama a jikin wasu ƙwayoyi masu yi wa na jijiya hidima, waɗanda ake kira giliya.

Dunƙulen da zaruruwan ne suka ɗauke hankalin masana har kusan ƙarshen ƙarni na 20. Sauyin da aka gani a giliya kuwa an ɗauke shi tamkar toka bayan gobara, wato shaidar ɓarnar da ta riga ta auku. Binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi suna da hannu a cikin gobarar kanta. Wannan maƙala za ta bi hanyar daki-daki: yadda furotin ke gurɓata, yadda masu tsaron ƙwaƙwalwa ke gane shi, da yadda martaninsu ke juyewa ya zama ɓarna. Batun ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyon 55 ke fama da cututtukan da ke cin tunani, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari nasu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. Ga mai nazarin harshe kuwa, harshe yana cikin abubuwan da waɗannan cututtuka ke fara taɓawa.

Furotin da Lanƙwasarsa

Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, masu iri 20, waɗanda ake jerawa kamar yadda ake jera haruffa a cikin kalma. Jerin kaɗai ba ya wadatarwa, dole ne sarƙar ta lanƙwashe, ta ɗauki wata siffa ta musamman kafin ta iya aiki. Ɗalibin Hausa ya san irin wannan a kalmar “kuka”: baƙaƙe da wasula ɗaya ne, amma karin sauti ne ke raba bishiya da zubar hawaye. Haka furotin ɗaya, da jeri ɗaya, yake iya zama ma’aikaci ko guba, gwargwadon siffar da ya ɗauka.

Furotin huɗu ne suka fi fitowa a wannan fage. Na farko shi ne amiloyid-beta, ɗan guntu mai amino asid 40 ko 42, wanda ake yankowa daga wani babban furotin da ke jikin ƙwayar jijiya. George Glenner da Caine Wong ne suka tace shi a 1984, kuma shi ne ke yin dunƙulen da Alzheimer ya gani. Na biyu shi ne tau, wanda aikinsa na asali riƙe ginshiƙan da ke cikin ƙwayar jijiya ne. In sinadarin fosfat ya yi masa yawa sai ya saki ginshiƙan, ya nannaɗe, ya zama zaruruwan nan. Na uku shi ne alfa-sinuklin, mai amino asid 140, wanda aka gano a 1997 cewa shi ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson. Na huɗu shi ne TDP-43, wanda aka danganta a 2006 da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi, da kuma wani nau’in cutar da ke cin goshin ƙwaƙwalwa da gefenta.

Abin da ya haɗa su shi ne cewa gurɓataccen furotin yana iya tilasta wa lafiyayyen ɗan’uwansa ya ɗauki siffarsa, kamar yadda ɗan tsamin nono ke juya ƙwaryar madara baki ɗaya. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama gungu, gungu ya zama doguwar igiya mai tauri wadda ba ta narkewa. A cutar Alzheimer wannan taruwa takan fara ne shekara 15 zuwa 20 kafin iyali su lura da mantuwar farko.

Mikrogiliya: Ƴan Sintirin Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana da katanga tsakaninta da jini, wadda ke hana yawancin ƙwayoyin garkuwar jiki shiga. Saboda haka tana da nata masu tsaro da ke zaune a ciki, wato mikrogiliya, waɗanda masanin ƙasar Sifaniya Pío del Río-Hortega ya bayyana a 1919. Su ne kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Asalinsu ya bambanta da na maƙwabtansu, domin tun ɗan tayi yana ƙarami suke shigowa daga waje, su zauna, su ci gaba da sabunta kansu har ƙarshen rayuwa.

An daɗe ana zaton cewa in babu ciwo mikrogiliya hutawa suke yi. A 2005 aka ɗauki hotonsu a ƙwaƙwalwar ɓera mai rai, aka ga cewa siraran rassansu ba sa daina motsi, suna miƙewa suna janyewa, suna lalube ko’ina a kewayensu. Suna haɗiye matattun ƙwayoyi, suna kwashe datti, suna kai ɗauki inda aka sami rauni. A lokacin ƙuruciya kuma su ne ke sassabe mahaɗun jijiyoyi da suka yi yawa, domin waɗanda ake amfani da su su yi ƙarfi. Mahaɗa ita ce ɗan wurin da ƙwayar jijiya ke miƙa saƙo ga ƴar’uwarta, kuma a irin waɗannan wurare ne ake adana abin da mutum ya koya, har da kalmomin harshensa.

Kalmar “kumburi” tana buƙatar bayani a nan. A fata, kumburi yana zuwa da ja da zafi da tashin nama. A ƙwaƙwalwa babu abin da ido zai gani daga waje. Abin da ake nufi shi ne mikrogiliya su sauya hali: su janye rassansu, su yi ƙiba, su taru a wuri guda, su riƙa fitar da sinadaran gangami da ake kira sitokin, masu kiran sauran ƙwayoyi zuwa yaƙi.

Matakai Biyu na Tashin Wuta

Mikrogiliya ba su da ido. Suna gane abokin gaba ne ta hanyar wasu makarɓai da ke jikin fatarsu, kowanne da irin siffar da yake kamawa. Daga cikinsu akwai TLR2 da TLR4 da CD36, waɗanda daga cikin ayyukansu akwai gane ƙwayoyin cuta. Sai dai wasu bakteriya, irin su Salmonella, suna saƙa igiyoyin furotin masu kama da na amiloyid, kuma TLR2 yana gane su. Don haka in dunƙulen amiloyid-beta ko na alfa-sinuklin ya taɓa makarɓin, saƙon da ke isa cikin ƙwayar shi ne cewa mahara sun shigo.

Wannan shi ne mataki na farko, kuma ya yi kama da ɗura wa bindiga albarushi. Saƙon yana tayar da wani furotin mai suna NF-κB, wanda ke shiga cibiyar ƙwayar ya buɗe umarnin ƙera makamai. Wasu sitokin, kamar TNF da IL-6, suna fita ba da jimawa ba. Amma wani mai tsananin ƙarfi, IL-1β, ana ƙera shi ne a ɗaure, ba ya aiki sai an yanke masa wani sashe.

Mataki na biyu shi ne jan kunamar bindigar. Mikrogiliya tana haɗiye dunƙulen, ta tura shi cikin wata ƴar jaka mai tsami da ake kira lizozom, wadda ita ce tumbin ƙwayar. Bakteriya takan narke a can. Igiyar amiloyid kuwa ba ta narkewa, sai jakar ta kumbura ta tsage, sinadaran narkarwa su zubo cikin ƙwayar. Wannan tsagewa tana tayar da wani furotin mai suna NLRP3, wanda ke tattaro wasu biyu, ASC da kasfaz-1, su haɗu su zama na’ura guda. Jürg Tschopp da abokan aikinsa a Lozan ta ƙasar Suwis ne suka raɗa wa irin wannan na’ura suna inflamazom a 2002. Ita ce ke yanke IL-1β ta sake shi, kuma tana iya huda fatar mikrogiliyar har ta fashe, ta watsar da abin da ke cikinta. A 2008 aka tabbatar cewa amiloyid-beta yana kunna wannan na’ura ta wannan hanya. Ita ce dai na’urar da ƙurar dutse ke kunnawa a huhun masu fasa duwatsu da masu haƙar ma’adinai, kuma dalilin ɗaya ne: ƙwaya ta haɗiyi abin da ba za ta iya narkarwa ba.

An shirya kumburi ne domin ya tashi, ya gama aiki, ya kwanta. In ƙaya ta soki ƙafa, da an cire ta ciwon ya kama hanyar warkewa. Gurɓataccen furotin ƙaya ce da jiki da kansa ke ƙerawa kowace rana, shekara da shekaru, saboda haka gangamin ba ya ƙarewa.

Garin Gyaran Gira

Ɓarna ta farko tana faɗawa kan mahaɗun jijiyoyi. A ƙuruciya, jiki yakan yi wa mahaɗar da ba a buƙata lamba da wasu furotin, C1q da C3, sai mikrogiliya su zo su cinye ta. A 2016 ɗakin binciken Beth Stevens a Boston ya nuna cewa ƙananan gungun amiloyid-beta suna farfaɗo da wannan tsari a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, tun kafin manyan dunƙule su bayyana, kuma da aka toshe C1q sai mahaɗun suka tsira. Wannan yana da muhimmanci, domin tun farkon shekarun 1990 aka san cewa yawan mahaɗun da aka rasa ya fi yawan dunƙule dacewa da tsananin mantuwar majiyyaci.

Ɓarna ta biyu ita ce jan wasu cikin rikicin. Akwai ƙwayoyi masu siffar tauraro, astrosit, waɗanda ke ciyar da ƙwayoyin jijiya. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa sinadarai uku daga fusatattun mikrogiliya, wato IL-1α da TNF da C1q, sun isa su sa astrosit su bar ciyarwa su koma fitar da abin da ke kashe jijiya. Bugu da ƙari, mikrogiliya suna fesa sinadarai masu ƙuna da aka tanada domin bakteriya. Ƙwayoyin da ke samar da dofamin a tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda mutuwarsu ke kawo karkarwa da taurin jiki na cutar Parkinson, suna da rauni ga irin wannan ƙuna. Tun a 1988 Patrick McGeer da abokan aikinsa a Kanada suka ga fusatattun mikrogiliya a daidai wannan wuri a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar.

Ɓarna ta uku ce ke rufe da’irar, domin kumburin yana ƙara yawan furotin da ya haddasa shi. Ɗakin binciken Michael Heneka a Bon ta ƙasar Jamus ya bi wannan sawu. A 2013 suka nuna cewa ɓerayen da ke tara amiloyid, in aka cire musu NLRP3, suna riƙe tunaninsu, kuma dunƙulensu yana raguwa. A 2017 suka gano cewa curin ASC da ke fita daga mikrogiliya yana manne wa amiloyid-beta, ya zama iri na sabon dunƙule. A 2019 kuma suka nuna cewa NLRP3 yana ƙara liƙa wa tau fosfat. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa mikrogiliya suna haɗiye tau a wuri ɗaya, su tofar da shi a cikin ƴan ƙananan ƙunshi, ya shiga wasu ƙwayoyin jijiya. Tun da yawancin ƙwayoyin jijiya ba sa sake haihuwa, duk wadda ta mutu ta tafi ke nan, gawarta kuma ta zama sabon abin tunzura masu tsaro.

Shaida Daga Gado

Yawancin gwaje-gwajen da aka ambata a ɓeraye aka yi su, ɓera kuwa ba mutum ba ne. Shaida mafi ƙarfi a kan ɗan Adam ta fito ne daga nazarin ƙwayoyin gado. A farkon 2013 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Aislan, ɗaya ƙarƙashin jagorancin masana a Landan, suka wallafa cewa wani ɗan sauyi a ƙwayar gadon TREM2 yana ninka haɗarin kamuwa da cutar Alzheimer kusan sau uku. A cikin ƙwaƙwalwa, TREM2 makarɓi ne na mikrogiliya. Da yawa daga sauran ƙwayoyin gadon da aka danganta da cutar, irin su CD33, su ma a mikrogiliya suka fi aiki. Gado yana riga cuta zuwa, don haka ba za a ce wannan toka ce bayan gobara ba.

Sai dai labarin TREM2 yana ɗauke da gargaɗi. Sauyin da ke ƙara haɗari yana raunana makarɓin ne. Mikrogiliya masu lafiyayyen TREM2 suna kewaye dunƙulen amiloyid, su danne shi, su hana gefensa taɓa jijiyoyi. Waɗanda aka haifa babu TREM2 mai aiki kwata-kwata suna kamuwa da cutar Nasu-Hakola, wadda aka fara bayyanawa a Japan da Finlan, mai lalata ƙashi da cin tunani tun mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. A ɗaya hannun, a wasu ɓeraye masu ciwon tau, cire TREM2 ya rage ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa. Abin da masana da yawa suka fahimta daga nan shi ne cewa lokaci ne ke rarrabewa: a farkon cuta mikrogiliya katanga ne, amma in tsokana ta daɗe, ƙarfinsu na shara yana raguwa, faɗansu kuma yana ƙaruwa.

Inda Wutar ta Kama Harshe

A 1982 likitan jijiyoyi Marsel Mesulam ya bayyana wasu majiyyata a Amurka waɗanda harshensu ke zubewa sannu a hankali, alhali sauran tunaninsu yana nan na tsawon shekaru. A 2011 aka amince da kasa wannan ciwo gida uku. A nau’i na farko ma’anar kalmomi ce ke gushewa: mutum yana magana da santsi, amma sai ya tambayi ma’anar kalmar da ya yi amfani da ita tun yarinta. Wannan galibi aikin TDP-43 ne a gaban gefen hagu na ƙwaƙwalwa. A na biyu furuci ne ke yin nauyi, ginin jimla ya rushe, kuma galibi tau ne sanadi. A na uku mutum yana yawan tsayawa neman kalma, yana kasa maimaita doguwar jimla, kuma mafi yawa furotin na cutar Alzheimer ne ke ƙarƙashinsa.

Tun 2001 aka fara iya ɗaukar hoton fusatattun mikrogiliya a ƙwaƙwalwar mutum mai rai. A irin waɗannan majiyyata, hotunan suna nuna kumburi a daidai yankunan da suka lalace. Wato abin da mai nazarin harshe ke ji a bakin majiyyaci, ko rushewar ma’ana ce ko ta nahawu, yana nuni ga wurin da wutar ke ci.

Alamomin kuma suna bin tsarin harshen mai magana. Wani nazari na 2020 ya kwatanta masu nau’i na biyu da ke magana da Ingilishi da takwarorinsu masu Italiyanci. Masu Ingilishi sun fi yin kuskuren furuci, masu Italiyanci kuwa sun fi sauƙaƙa ginin jimla. Ma’aunan gano wannan ciwo an gina su ne a kan harsunan Turai. Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali masu bambanta ma’ana, da hanyoyin jam’i masu yawa, da ajujuwan aikatau. Tsara gwajin da zai auna waɗannan a bakin dattijon Maraɗi ko Damagaram aiki ne da likita ba zai iya shi kaɗai ba.

Batun Magani

In kumburi ne matsala, me zai hana a ba da maganin kumburi? An gwada. An lura cewa masu shan irin waɗannan magunguna na dogon lokaci saboda ciwon gaɓoɓi kamar sun fi tsira daga cutar Alzheimer. Amma babban gwajin da aka yi a Amurka da naproxen da celecoxib, wanda aka dakatar a 2004, bai nuna kariya ba. Wani magani da aka ƙera domin ƙarfafa TREM2 shi ma bai rage saurin cutar ba a sakamakon da aka sanar a 2024.

Magungunan da suka sami izini a Amurka, lecanemab a 2023 da donanemab a 2024, suna yi wa amiloyid lamba ne domin mikrogiliya su kwashe shi. Lecanemab ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin ɗari a cikin wata 18. Bai tsayar da cutar ba, kuma yana jawo wa wasu kumburin ƙwaƙwalwa ko ɗigar jini a cikinta, don haka sai da ɗaukar hoto akai-akai.

Akwai darasin da ya fi kusa da gida. Mikrogiliyar da aka riga aka ɗura tana jin gangamin da ke tashi a sauran jiki. Wani bincike na 2009 a Ingila, a kan majiyyata 300, ya nuna cewa waɗanda suka yi fama da wani ciwo mai tayar da kumburi a jiki, kamar ciwon huhu ko na mafitsara, tunaninsu ya fi saurin taɓarɓarewa. Gaggauta kai tsoho mai mantuwa asibiti in ya yi zazzaɓi yana daga cikin kare abin da ya rage masa. Kwamitin masana na mujallar Lancet kuma ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ciki har da hawan jini da ciwon suga da shan taba da raunin ji da ƙarancin karatu, waɗanda ya danganta da kusan kashi 45 cikin ɗari na masu kamuwa.

Kammalawa

Gurɓataccen furotin ne ke fara tsokana, amma babban rabo na ɓarnar yana biyowa ne ta hannun ƙwayoyin da aka ajiye domin tsaro: su gane shi a matsayin mahari, su haɗiye shi su kasa narkarwa, su tayar da gangamin da ba ya kwanciya, su cinye mahaɗun da ke riƙe da tunani da kalmomi. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne gano yadda za a kwantar da faɗan ba tare da an tsayar da sharar ba, da kuma lokacin da ya dace a yi hakan.

Kafin a kai can, sanin wannan hanya yana da amfaninsa. Tsohuwar da ta fara kiran jikanta da sunan ƙanenta da ya rasu, ko take fita da dare ba ta san inda ta nufa ba, akan ce gigin tsufa ne, wani lokaci ma a jefe ta da zargin maita. Abin da ke damunta ciwo ne na ƙwaƙwalwa, mai sanadi da matakai da aka sani. Wanda ya fara lura da shi sau da yawa shi ne wanda ya saurari maganarta da kyau, kamar yadda Alzheimer ya saurari Auguste Deter a 1901.